Ramin Da Likita Ya Bari

Lahadi, 6 Oktoba 2024

Gobe za a kwantar da ni asibiti, jibi a yi mani aiki.

Wata shidda ke nan tun da taifot ta huda mani hanji, aka fiddo bakinshi ta gefen cikina na dama, aka manna mani jakar da bayan gida ke zuba ciki. Wata shidda ban taka ajina na Jiratawa ba. Yanzu za a maida hanjin ciki a haɗa. Na duba kwali, jaka huɗu suka rage. In Allah ya yarda ba zan buɗe ta ƙarshen ba.

Maigidana Habib ya fasa tafiyar Kano, ya ce kaya su jira. Na ji daɗi. Hajiya Fasuma, mahaifiyarshi, ta aiko daga sashenta da zamzam cikin 'yar kwalba.

Litinin, 7 Oktoba

Ɗakin mata, gado na biyu daga taga.

Da hantsi Dokta Ilyasu ya zo, shi ne ya yi mani aikin farko. Ya zauna bakin gado, ya juya bayan wata takarda ya fara zane. Ya ce, "Madam, haɗa hanji namu ne. Rufe fata kuwa hanya biyu ce, ina so ki sani." Ta farko, a haɗa baki da baki a ɗinke layi ɗaya, a rufe ruf, kwana goma a cire zare. Ta biyu, a zagaya bakin ramin da zare a ja shi kamar mazagin wando, ya tsuke, a bar ɗan rami kamar kan yatsa. Sai a riƙa wankewa kullum har ya ciko daga ciki. Sati huɗu, ko biyar.

Na ce, "Dokta, rami na zo a rufe mani, ba a rage mashi girma ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce wurin nan wata shidda ƙazanta na bi ta kanshi, duk wankin da za su yi ƙwayoyin cuta ba su ƙarewa. In an rufe ruf, wasu su warke lafiya lau, amma da dama mugunya kan taru masu a ƙarƙashi. In an bar ƙofa, abin da ya taru ya fita. Ya ce, "Jikinki ne. Ki yi tunani zuwa safe."

Ba ni son tunani. So nike in farka in ga fata a shafe.

Mai gadon taga wata dattijuwa ce, Tani, daga wani ƙauye can bayan Tsibiri. Ita hanjinta murɗewa ya yi da rani, aka fiddo mata shi waje kamar nawa. Jaka ba ta samu sosai ba, leda take ɗaurawa da tsumma, fatar wurin duk ta saɓule. Ita ma gobe. Da likita ya yi mata nata zanen, ko kallo ba ta yi ba. "Ni ku ɗunke ni duka. Hatsi ya nuna, wa za shi kawo ni Maraɗi kullum?" Ya daɗe yana mata bayani. Ta ce ta ji, a ɗunke.

Da na yi azahar a zaune ta bi ni da ido, ta ce, "Ɗiyata, ki roƙa har da mu." Daga baya na ji ashe Anna ne, addinin kakanni suke bi, ba su salla. Sai na ga hannuna ya jawo butata kusa da gadona. Me ya sa, oho.

Talata, 8 Oktoba, da safe

Majo Khaulat, babbar masu jinyar ɗakinmu, ta zo sa mani ƙarin ruwa. Na tambaye ta a hankali wace hanya ta fi. Ta ce, "Malama, ni ke wanke su in sun dawo. Da cikina ne, mazagi zan zaɓa."

Na ce ma Dokta to. Ban ce da daɗin rai ba.

Laraba, 9 Oktoba

Ina raye. Ƙishirwa kamar in mutu. An hana ko ɗigo.

Alhamis, 10 Oktoba

Duk wanda ya shigo tambayarshi ɗaya: kin yi iska? Likita, majo, har mai shara. Wai sai hanji ya motsa za a ba mu ruwa. Ni malamar makaranta, shekara talatin da huɗu, mutane na jiran tusata.

Tani ta riga ni. Wajen la'asar ta sake ta, ɗaki duka ya ji. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Hanya ta buɗe!" Mata suka yi ta dariya suna mata barka. Ni ma na yi, ɗinki ya ja ni, na riƙe ciki ina hawaye ina dariya.

Juma'a, 11 Oktoba

Tawa ta zo bayan asuba, 'yar ƙarama, ba wanda ya ji sai ni. Dole na faɗa da bakina. Cokali ukku na ruwa aka ba ni. Ban taɓa shan abu mai daɗinshi ba.

Asabar, 12 Oktoba

Yau na kalli wurin da ake wanki. Da ban kalla ba.

Fata a tattare kamar bakin buhu, tsakiya rami, ja, an cusa mashi kwampires, ɗan ƙyallen bandeji. Khaulat ta zaro shi a jiƙe ta sa sabo. Ta ce ya yi kyau. Kyau!

Na Tani kuwa layi ɗaya, tsaf, zare bakwai a jere, a bushe. Ta ɗaga riga tana nuna ma kowa. Na juya fuskata bango. Hassada ce, na sani, Allah ya yafe mani. Habib ya zo da yamma, na sauke mashi fushin duka a kan ya kawo lemun da ba a yarda in sha ba. Ya maida shi leda.

Lahadi, 13 Oktoba

Na je bayi kamar kowa. Karo na farko tun watan Afrilu.

Ƙafafuna rawa suke, 'yar jinyata ta fita sayen kunu. Tani ce ta taso, ita da nata ciwon, ta riƙe mani kwalbar ƙarin ruwa sama, ta tsaya bakin ƙofa har na gama. Na daɗe ciki. Kuka nike, ta ji. Da na fito sai ta ce, "To, kin koma mutum."

Sau biyar na koma kafin magariba. An ce haka yake da farko.

Talata, 15 Oktoba

An sallame mu tare. Mijinta Maiwada ya zo, dogo siriri, hannuwanshi duk kaushin girbi. Khaulat ta tsayar da su ta yi ta maimaitawa: in wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko jiki ya yi zafi, ku dawo ran nan, kada ku sa komi. Juma'a a zo a cire zare. Maiwada na ta "to, to".

Tani ta dafa kafaɗata. "In raminki ya cike ki taho ki sha hura."

Ita ta tafi a rufe. Ni na dawo unguwarmu Zariya da ramina da takardar zuwa pansaman, wato wankin ciwo, kowace safiya.

Alhamis, 17 Oktoba

Na tashi na ga ruwa rawaya-rawaya ya ɓullo ta bandeji. Ban jira Habib ya gama wanka ba, na tari adaidaita.

Khaulat ta buɗe, ta shinshina, ta danna gefe-gefe. "Akwai zafi?" Babu. "To wannan ruwan jiki ne, ba mugunya ba. Don shi aka bar ƙofar." Ta sa na kalla da kyau: can ƙasa nama ja-ja, tsab-tsab kamar cikin kankana. Wai shi ne sabon, daga nan yake tasowa.

Na dawo na ci tuwo malmala guda.

Juma'a, 18 Oktoba

Na zauna bencin pansaman har sha ɗaya. Tani ba ta zo cire zare ba.

Litinin, 21 Oktoba

Ta zo. Da ƙyar na gane ta.

Kwance take kan benci, kanta bisa cinyar Maiwada, leɓe a bushe, jiki kamar garwashi. Wurin ɗinkin ya kumbura ya yi sheƙi, an shafe shi da wani baƙin gari. Bagaruwa ce, in ji Maiwada. Tun ran Alhamis ya fara ja, ta ɓoye mashi don kada ya bar gona. Da ya gani suka gwada na gida kwana biyu.

Dokta Ilyasu da kanshi ya zo. Ina bayan labule ana mani nawa wankin, ina jin komi. Ya cire zare huɗu, mugunya ta kwararo, warin ya cika ɗakin. Tani ba ta yi ihu ba, nishi kawai. Ya ce an yi sa'a, a fata da kitse abin ya tsaya, haɗin hanjin na nan lafiya. Da an ƙara kwanaki, da magana ta canza.

An kwantar da ita. Ciwon yanzu a buɗe yake, ya fi nawa sau biyar.

Ran Asabar ɗin can da nike hassadar layinta. Kunya ta hana ni cin abincin rana.

Laraba, 23 Oktoba

Zazzaɓin ya sauka. Na kai mata kunu. Ta ce ma likita, "Ni na zaɓa, laihina ne." Ya ce, "Inna, ba laifi ba ne. Da dama an ɗinke su haka sun warke. Ko mai rami ma wani lokaci yakan yi, sai dai bai kai yawan wannan ba. Laifin ɗaya, kwanakin da kika ɓoye."

Ta ce, "Hatsi ne."

Ya ce, "Na sani."

Alhamis, 24 Oktoba

Na yi abin da ban shirya ba.

Za a sallame ta gobe, amma wanki kullum, sati ukku ko fiye. Na iske su suna gardama ƙasa-ƙasa. Maiwada ba shi da kowa a Maraɗi, gona kuma rabi a tsaye. Tani na cewa su tahi gida, abin da za ya faru ya faru. Na san in ta tafi ba za ta dawo ba sai an ɗauko ta.

Sai na ji bakina ya ce, "Inna, ki zo gidanmu. Ni ma kullum nike zuwa, sai mu riƙa tahowa tare."

Maiwada ya dube ni ya daɗe. "Malama, kin san ko mu su wane ne?" Na ce na sani.

Habib ya ce, "Ɗakinki ne, yadda kika gani." Amma da muka je gaban Hajiya sai ya duƙar da kai yana wasa da makullin mota, ya bar ni da ita.

"Ba ta salla, Raihanatu."

"Hajiya, ita ta riƙe mani ruwa ran da na kasa tsayuwa."

"Me za a ce a unguwa? Gidan Alhaji guda."

Ban taɓa ja da ita ba tun da na shigo gidan nan. Amma ban tashi ba. Can ta ce, "Kwanonta daban. Kofinta daban."

Na ce to. Wannan to ɗin bai yi mani daɗi ba.

Asabar, 26 Oktoba

Tana ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafa. Ta ƙi katifa, ta ce tabarma. Fanka ma ta ce a kashe, tana sa mata ciwon kai.

Kwanon da aka ware mata ta gane tun ran farko. Ta juya shi ta ce, "Mai kyau ne." Shi ke nan.

Litinin, 28 Oktoba

An buɗe lakwal yau, yara sun koma aji, ba ni ciki. Direkta ya kira, na ce da sauƙi, ciwon ciki ne, saura kaɗan.

Adaidaita da safe, ni da ita, kowa riƙe da cikinshi in an zo gargada. Mai adaidaitan ya gane mu, yana rage gudu tun kafin mu yi magana. Nawa wankin minti biyar. Nata rabin awa, tana damƙe hannuna har yatsu su yi fari.

Laraba, 30 Oktoba

Ba ta iya zama. Na fito na iske ta tsakar gida ta jawo tiren waken Hajiya tana tsincewa, ba wanda ya sa ta. Hajiya na kan kujera nesa kaɗan, tana jan carbi, tana satar kallo. Tani ta ce hatsin da muke saye tsohon bara ne, an cuce mu. Hajiya ta ce shekara talatin wurin mutum ɗaya take saye. Tani ta ce to shekara talatin yana cutarki.

Na ruga ɗaki don kada a ga dariyata.

Da yamma kuma ta zauna tana fuskantar yamma, wajen garinsu. Na ji tsoron kada in wayi gari ta tafi.

Juma'a, 1 Nuwamba

Maiwada ya zo bisa moto, babur ɗin wani ne ya aro, da damin hatsi ɗaure a baya. 'Yan uwa da maƙwabta sun taru sun yi masu gayya, kwana biyu aka gama gonar. Tani ta zaro zangarniya ɗaya ta murza a tafin hannu, ta hura, ta ɗanɗana. Ta tambaye shi dami nawa, ya faɗa, ta ce ƙarya yake, ya rantse. Sai ta rufe fuska da zane.

Damin na Hajiya ne, in ji shi. Hajiya ta ce a kai rumbun madafa, ta sa aka ba shi abinci a zaure.

Talata, 5 Nuwamba

Ramina ya koma kamar ƙwayar wake. Kwampires ya daina shiga. An koma kwana biyu-biyu, amma ina raka ta kullum.

Na Tani ya fara jan nama daga ƙasa. Khaulat ta kira ni in gani, wai na zama gwana. Ni ce ma na ce ma Tani, "Kin ga jan nan? Shi ne sabon."

Alhamis, 7 Nuwamba

Gwiwar Hajiya ta tashi. Na shiga gaishe ta, na iske Tani zaune ƙasa tana murza mata da man kaɗe, Hajiya ta lumshe ido tana "nan, nan, ƙasa kaɗan". Hira suke a kan wata yunwa da aka yi suna 'yan mata. Da Hajiya ta gan ni sai ta gyara zama ta ce, "Hannunta na da ƙarfi."

Kwanon dai har yanzu daban.

Talata, 12 Nuwamba

Ya rufe.

Khaulat ta cire bandeji ba ta sa wani ba. Sati biyar cif. Tabon ɗan ƙarami, a tattare, ya ɗan lotsa. Dokta Ilyasu ya leƙo ya ce kada in ɗauki abu mai nauyi wata biyu, in kuma na ga kumburi in dawo. Na so in ce mashi wani abu a kan maganar da na yi mashi ran farko. Na gode kawai na ce.

Na nuna ma Habib. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Cibiya biyu gare ki yanzu." Na jefe shi da matashi. Ya sa yatsa ya taɓa wurin a hankali, na bar shi.

Wanka na yi na zuba ruwa tun daga kai har ƙasa, bokiti biyu.

Asabar, 16 Nuwamba

Tani ta tafi. Abin da ya rage ɗan tsagi ne, za a iya wanke mata a asibitin Tsibiri sau biyu a sati. Khaulat ta rubuta takarda, ta sa Maiwada ya maimaita ranakun har sau ukku.

Hajiya ta ba ta turmin zane da sabulu. Ta ce, "Allah ya shirye ki, Tani." Tani ta ce, "Ke ma ya bar maki gwiwarki." Suka yi dariya su biyu.

A ƙofar gida ta riƙe fuskata da hannu biyu. "Ɗiyata, da na tahi ran nan, da yanzu an yi sadakar bakwai ɗina." Na ce ta daina. Ta hau moto a karkace, tana ma Maiwada faɗa ya bi a hankali.

Ɗakin ya yi faɗi. Na naɗe tabarmar na jingine.

Litinin, 25 Nuwamba

Jiratawa. Habib ya kai ni, ya ce babu moto sai sabuwar shekara. Hanya duk kore, ana ta ban ruwa a fadama.

Yara sittin da ɗaya. Muryata ta dushe kafin ƙarfe goma. Sun manta lissafin rabawa gaba ɗaya, sai mun koma baya.

Lokacin hutu malamai mata suka sayo kwaɗon zogala, muka zauna gindin iccen bedi tire ɗaya. Madam Tahira mai aji ukku ta ce, "Wai ulsa ce ta riƙe ki haka?" Niyyata in ce e. Sai na ji ina faɗi duka: hanjin, jakar, warin, yadda nike wanke ta, ramin, har tusar. Ana ci ina faɗi. Wata ta aje lomarta.

Da aka kaɗa ƙararrawa Tahira ta tsaya baya. Ta ce matar wanta, nan cikin gari bayan kasuwa, wata huɗu ke nan da jaka irin tawa. Ba ta fita, ba ta bari a shiga. An ba ta ranar aikin maida hanjin ta ƙi zuwa, wai tsoro. Ba su taɓa faɗa ma kowa ba.

Na ba ta lambata, don kada ta ga na yi banza da ita. Ba wai zuwa zan yi ba, ni ba likita ba ce, kuma ga gyaran littattafai sittin da ɗaya.

Na dai tambaye ta wace ƙofa ce. Mai shuɗin fenti, kusa da injin niƙa. Laraba ana tashi lakwal da wuri.

Jakunkunan da suka rage cikin kwali, in tuna in sa su a jakar lakwal.